Harajin hayaƙi na Kanada: yaya ake mayar wa jama'a kuɗin, kuma me ya kashe shi?

Ɗan Tudun Wada, Gombe

Assalamu alaikum 'yan zaure. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ake ta kawo mana misalin Kanada. Wai can gwamnati ta ɗora haraji a kan kowace litar fetur saboda hayaƙin da ke ɗumama duniya, amma tana mayar wa magidanta kuɗin ta asusun banki, har ƙaramin mai ƙarfi ya fita da riba. Sai kuma ga labari cewa an soke shi a 2025, kuma jam'iyyar da ta kawo shi ita ce ta soke shi da hannunta.

Ina roƙon masana su warware mini. Nawa ake karɓa, nawa ake mayarwa, ta wace hanya? In da gaske talaka na cin riba, me ya sa jama'a suka tsane shi? Sannan mu da ake haƙar mai a Kolmani, tsakanin Alkaleri da Akko, akwai abin da za mu ɗauka daga masu ra'ayin kawo sauyi na can, ko dai maganar ƙoshi ce ta mutanen da wutarsu ba ta ɗaukewa? Alƙaluma nake so don Allah, ba yabon Turawa ba.

Malamin Lissafi, Wunti, Bauchi

Wa alaikumus salam, Malam. Bari in ɗauki ta farko, tunda lissafi ne zalla. Duk inda na ce dala, ta Kanada nake nufi, santi ɗari ke yin dala ɗaya kamar kwabo da naira.

Abin da aka yanka wa farashi shi ne tan ɗaya, wato kilo 1,000, na iskar kabon da ke fita idan an ƙona mai. Litar fetur in ta ƙone tana fitar da kilo biyu da 'yan kai. Sai a ninka kawai. Dokar ta fito a 2018, aka fara karɓa ranar 1 ga Afrilun 2019 a kan dala 20 kowane tan, wanda ya faɗa santi 4.4 a lita. Kowace shekara ana ƙara dala 10 har ya kai 50 a 2022. Daga nan ƙarin ya koma dala 15: 65 a 2023, 80 a 2024. A kan dala 80 ɗin nan, litar fetur ta ɗauki santi 17.6, dizal santi 21.4, iskar gas ta ɗumama gida kuma santi 15.25 kowane kubik mita. Niyyarsu ita ce ya kai dala 170 a 2030, wato wajen santi 37 a litar fetur. Bai kai can ba.

A lokacin da harajin ke aiki, ba direba ake tsarewa a gidan mai a ce ya biya ba. Daga manyan dillalai da masu rarraba mai ake karɓa, waɗanda suka yi rajista da hukumar haraji ta tarayya, su kuma su zuba shi cikin farashin famfo. Masu biya kaɗan ne, shi ya sa zurarewar kuɗi ta yi wuya.

Kuma ba ko'ina ya hau ba. Kanada larduna goma ce da yankuna uku. Dokar ta ce duk lardin da ya kafa nasa tsarin da ya kai mizanin tarayya, a bar shi da abinsa. British Columbia da Quebec suna da nasu tun da can. Waɗanda suka ƙi ne aka ɗora wa na tarayya: da farko Ontario, Manitoba, Saskatchewan da New Brunswick, Alberta ta biyo a Janairun 2020. Larduna uku suka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta yanke a Maris 2021 cewa tarayya na da hurumi, alƙalai shida a kan uku.

Yanzu mayarwa, inda kunnenka yake, ga yadda ake yi kafin a soke shi a 2025. Kuɗin kowane lardi a lardin yake komawa, ba a kai na Alberta Ontario. Wajen kashi 90 cikin ɗari na magidanta ne. Ba a duba yawan man da ka ƙona, ba a duba albashinka, kawunan gida ake ƙirgawa. Babba na farko kaso cikakke, na biyu rabi, kowane yaro rubu'i. A Ontario a shekarar 2024 zuwa 2025, duk wata uku: dala 140, da 70, da 35, da 35, gida mai mutum huɗu ya tashi da 280, a shekara 1,120. Alberta 450 duk wata uku, 1,800 a shekara, saboda sun fi ƙona mai. Mazauna karkara ana ƙara musu kashi 20 a kai, da can kashi 10 ne. Ana biya tsakiyar Afrilu, Yuli, Oktoba da Janairu.

A ce ga gidaje biyu a Ontario, misali nake bugawa. Na farko ƙaramar mota ɗaya, lita 2,000 a shekara, harajinsa dala 352. Gas na ɗumama gida kubik mita 2,200, wajen dala 336. Jimla 688. An ba shi 1,120, saura 432 a aljihu. Na biyu manyan motoci biyu, lita 5,000, dala 880, ga babban gida mai cin kubik mita 3,500, dala 534. Jimla 1,414. Shi ma 1,120 aka ba shi, ya yi cikon 294 daga aljihunsa. Dabarar ke nan gaba ɗayanta. Tunda kasonka ba ya raguwa in ka rage mai, duk litar da ka fasa saye santi 17.6 ne ya zauna maka. Mai hali, wanda ya fi kowa ƙona mai, shi ke ɗaukar nauyin mai ƙaramin ƙarfi.

Amma kada a yi maka kwalliya, lissafin nan yana da ramuka. Akwai harajin da ke ɓoye cikin kuɗin dakon kaya da na abinci, wanda ke cin wani abu daga 432 ɗin can. Akwai harajin sayen kaya da ake ɗorawa a kan farashin bayan an riga an sa na hayaƙi, haraji kan haraji, kuma shi ba ya cikin abin da ake mayarwa. Sai ka cike takardar haraji ta shekara kafin a biya ka, ko da ba ka da kuɗin shiga, wanda bai cike ba ya rasa. An yafe wa manomi fetur da dizal na tarakta, amma ba a yafe masa gas ɗin busar da hatsi da ɗumama ɗakin dabbobi ba, kuma wannan ya ci wa manoman masara tuwo a ƙwarya. Kason ƙananan 'yan kasuwa kuwa, wajen dala biliyan 2.5, ya yi shekaru biyar a hannun gwamnati, sai ƙarshen 2024 aka sake shi.

In ka auna da namu za ka ga inda muka rabu. Rarar cire tallafi asusun tarayya take shiga, a raba tsakanin Abuja, jihohi da ƙananan hukumomi. Babu dokar da ta ce kashi kaza na magidanci ne. Naira 25,000 sau uku ga gidaje miliyan 15 da aka sanar a 2023 alheri ne na gwamnati, tana iya bayarwa tana iya fasawa. Na Kanada doka ce ta wajabta mayar da kuɗin lardin da aka karɓo shi, kuma suna da rajistar haraji da ta san kusan kowane baligi da asusunsa. Wanda zai kwaikwayi tsarin nan, rajistar zai fara ginawa kafin ya taɓa farashi.

Ɗan Tudun Wada, Gombe

Allah ya ƙara sani, Malam. To ai abin ya ƙara ɗaure mini kai. Mutum ya biya 688 a ba shi 1,120, sannan ya fito yana cewa a soke?

Hajiyar Jekadafari

Ɗan'uwa, ba a lissafin gizo ke saƙar ba. Santi 17.6 ɗin nan kullum yana gabanka a allon gidan mai, duk ranar 1 ga Afrilu kuma jaridu su sanar da sabon ƙari. Kuɗin mayarwa fa? Daga 2019 har tsakiyar 2022 a cikin lissafin harajin shekara yake narkewa, da yawa ba su ma san sun karɓa ba. Da aka koma biya duk wata uku, asusun mutum ɗaya yake shiga a gida, kuma bankuna da dama suna rubuta masa wani suna da bai nuna ko na mene ne ba. Sai a 2024 aka sauya masa suna aka tilasta wa bankuna rubuta shi yadda ya kamata. Ihu bayan hari.

Ga tsadar rayuwa ta sauka. Hauhawar farashi ta kai kashi 8.1 a Yunin 2022. Babban Bankin Kanada ya ce ƙarin harajin na kowace shekara bai wuce kashi 0.15 a cikin hauhawar ba, amma wa zai tsaya jin wannan a bakin kanti? Pierre Poilievre, jagoran jam'iyyar Conservative ta 'yan mazan jiya, ya riƙe take ɗaya mai kalma uku, ma'anarsa a sare harajin, ya yi ta zagaya ƙasa da shi.

A ganina wuƙar da ta yanka shi daga cikin gida ta fito. A Oktoban 2023 firaministan lokacin, Justin Trudeau, ya dakatar da harajin na shekara uku a kan man ɗumama gida, wanda akasari mutanen lardunan gabar Atlantika ke amfani da shi, inda jam'iyyarsa ta Liberal ke da kujeru masu yawa. Mutanen yamma masu amfani da gas, wanda ya ma fi wancan man tsafta, aka bar su suna biya. Wata minista ta ƙara gishiri da cewa in suna son irin wannan su zaɓi 'yan Liberal da yawa. Daga ranar hujjar cewa kowa daidai yake a gaban harajin ta mutu. Firimiyan Saskatchewan, wato shugaban gwamnatin lardin, Scott Moe, ya daina karɓar na gas daga Janairun 2024. Ofishin jami'in kasafi na majalisa kuma ya fitar da lissafi iri biyu: in kuɗin shiga da fita kawai aka duba, yawancin gidaje na samun fiye da abin da suka biya, in an haɗa da tasirin harajin kan albashi da jari, da yawa na asara. Kowane ɓangare ya ɗauki rabin da ya yi masa daɗi. A 2024 ofishin ya amsa cewa ya cusa harajin masana'antu cikin lissafi na biyu bisa kuskure, amma magana zarar bunu ce.

Su waye ma masu ra'ayin kawo sauyin? Liberal a tsakiya take. NDP ce ta ma'aikata da talakawa, kamar a ce NEPU ko PRP a nan, ita ce ta fito daga gidan Tommy Douglas wanda ya assasa kiwon lafiya na gwamnati a Saskatchewan. Sai jam'iyyar Green ta kare muhalli. To kada ka ɗauka bakinsu ɗaya. Harajin hayaƙi na farko a kan mai na gama-gari, na British Columbia a 2008 kan dala 10, gwamnatin Gordon Campbell ce ta kawo shi, mai karkata ga 'yan kasuwa, kuma NDP ta lardin ce ta yi yaƙin neman zaɓe da taken a sare shi. Taken da Poilievre ya zo ya tsinta ke nan. A 2018 firimiyoyi biyu 'yan NDP, Rachel Notley ta Alberta da John Horgan na British Columbia, suka yi ta kai ruwa rana kan bututun Trans Mountain, ita tana so shi ba ya so. Trudeau da kansa ya sayi bututun a shekarar kan dala biliyan 4.5, faɗaɗa shi ya lashe wajen biliyan 34, ya fara aiki a Mayun 2024, daga ganga 300,000 a rana zuwa 890,000. Hannu ɗaya na karɓar harajin hayaƙi, ɗaya na shimfiɗa bututu.

Ƙarshenta jagoran NDP Jagmeet Singh ya janye jiki daga harajin a Satumban 2024. Trudeau ya sanar da sauka a Janairun 2025. Mark Carney, sabon jagoran Liberal, ya karɓi rantsuwar firaminista ranar 14 ga Maris, a ranar ya sa hannu aka mayar da harajin sifili daga 1 ga Afrilu. Ya ƙwace wa Poilievre sandarsa, ya ci zaɓen 28 ga Afrilu da kujeru 169 cikin 343. NDP ta faɗo zuwa bakwai, Singh da Poilievre duk suka rasa kujerunsu, sai daga baya Poilievre ya dawo ta zaɓen cike gurbi a Alberta.

Kan tambayarka ta ƙarshe, ni dai ban ga wurin wannan haraji a nan ba. Ɗan Kanada ɗaya na fitar da kabon sama da tan goma a shekara, ɗan Najeriya bai kai tan ɗaya ba. A Gombe in gas ɗin girki ya yi tsada, uwargida gawayi take komawa, gawayin kuma itacen dajin Alkaleri da Dukku ne. Ka ga an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Injiniya, Bajoga

Hajiya ta yi daidai, sai dai a gyara abu ɗaya da jama'a ke ruɗewa a kai: rabin dokar aka kashe. Rabin da ya shafi manyan masana'antu yana nan, kuma shi ne mai nauyi. Cibiyar nazarin yanayi ta Kanada ta ƙiyasta a 2024 cewa na masana'antu zai iya kawo kashi 20 zuwa 48 na ragin hayaƙin da ake sa rai zuwa 2030, na gidan mai kuwa kashi 8 zuwa 14. Ɓangaren mai da gas kaɗai ke fitar da wajen kashi 30 na hayaƙin ƙasar.

Ga yadda yake aiki. A tsarin tarayya, masana'antar da ke fitar da tan 50,000 ko fiye a shekara dole ta shiga. Ba a kan dukkan hayaƙinta take biya ba. Ana duba matsakaicin hayaƙin da irin wannan sana'a ke fitarwa a kan kowane tan na kaya, sai a ja layi ƙasa da shi: an faro da kashi 80 ga yawancin sana'o'i, 90 ko 95 ga waɗanda ake tsoron za su tsere wata ƙasa, siminti na cikin masu 95. Abin da ya haura layi ake biya. Wanda ya yi ƙasa da layi a ba shi takardun rara ya sayar wa wanda ya haura.

Mu ɗauki siminti tunda a nan yankin mun san shi. A ce masana'anta na yin tan miliyan ɗaya a shekara, kowane tan na fitar da kilo 800, kuma a ce matsakaicin ke nan. Layi ya zama kilo 760. Rara kilo 40 sau miliyan, tan 40,000. A farashin 2025 na dala 95, za ta biya miliyan 3.8. Da a kan duka ne, miliyan 76 za ta biya, ta rufe ƙofa, a riƙa shigo da siminti daga inda ba a biyan komai. Amma lura, kowane tan ɗaya da ta rage dala 95 ne ya dawo mata, ko ta hanyar rage biya ko ta sayar da takarda. Saboda haka injiniyan masana'anta yana da hujjar da zai kai wa masu jari: a rage kason ƙonannen dutse a cikin buhu, a sauya kwal da wani makamashi, a kama zafin da ke fita ta bututun hayaƙi a yi wuta da shi.

Inda yake lalacewa shi ne kasuwar takardun. In an ja layi da sassauci, kowa na da rara, takardu su yi yawa, farashinsu ya faɗi. A Alberta, wadda ke da nata tsarin tun 2007, gwamnatin Danielle Smith ta daskarar da farashi a dala 95 a Mayun 2025, takardun kuma aka riƙa cinikinsu ƙasa da rabin haka a shekarar. Kamfani ba zai kashe dala 80 ya rage tan ɗaya ba alhali zai sayi takarda da arha. Wannan ne abin da masu kare muhalli ke faɗa a kai yanzu. A Nuwamban 2025 Carney da Smith suka sa hannu kan yarjejeniyar da ta buɗe ƙofar sabon bututu zuwa gabar yamma, a madadin Alberta ta ƙarfafa farashin nan. Steven Guilbeault, tsohon ministan muhalli, ya ajiye muƙaminsa na minista a ranar.

Abin da ya fi komai rage hayaƙi a can kuma ba haraji ya yi shi ba. Ontario umarni ta bayar a rufe tashoshin wuta na kwal, daga wajen rubu'in wutarta a 2003 zuwa babu a 2014. Alberta ta kashe kwal ɗinta na ƙarshe a 2024.

Na Alkaleri

Ranku ya daɗe, duk kun tsaya a hayaƙi. Mai gona a Barambu ko Pindiga, abin da ya kamata ya tambaya game da Kanada shi ne rami: in rijiya ta ƙare, wa zai toshe ta, da kuɗin wa?

Tun da aka samu mai a Leduc a 1947, an haƙa rijiyoyi sama da 400,000 a Alberta. Dubun-dubata sun daina aiki amma ba a toshe su ba, domin an daɗe babu wa'adin da ya tilasta. Yadda ake wasan shi ne, babban kamfani ya sha romon rijiya, in ta tsufa ya sayar wa ƙarami, ƙarami ya tatsi sauran, farashin mai ya faɗi ya karye. Rijiyar ta zama marainiya, haka ma suke kiranta. Akwai ƙungiyar da kamfanoni ke zuba wa kuɗi don kula da marayun, amma kuɗin bai isa ba, sai da gwamnatoci suka ba ta rance. A Afrilun 2020 tarayya ta fitar da dala biliyan 1.7 na jama'a don share rijiyoyi a larduna uku, biliyan ɗaya na Alberta. Manomin can ba shi da ikon hana a shiga gonarsa, tunda abin da ke ƙarƙashin ƙasa akasari na lardi ne. Kuɗin hayar fili yake karɓa duk shekara, in kamfani ya daina biya, baitulmalin lardi ke biya.

Kuskuren hukumarsu mai sa ido kan rijiyoyin mai a nan yake. A tsohon tsarinta, ba ta karɓar kuɗin ajiya tun farko. Tana auna ƙimar man da kamfani ke fitarwa da ƙimar aikin sharewa, sai na biyu ya rinjayi na farko take neman ajiya. To ranar da hakan ta faru kamfanin ya riga ya tsiyace, me zai ajiye? A shari'ar Redwater, wani kamfanin mai da ya karye, a Janairun 2019, Kotun Ƙoli ta ce in kamfani ya karye, a fara toshe rijiyoyinsa da abin da ya bari kafin banki ya karɓi bashinsa. Hukunci mai kyau, amma in tukunya babu komai, wanda ya fara zuwa ma hannu rabbana zai koma. Sai daga 2022 aka wajabta wa kamfanoni kashe wani adadi kowace shekara kan rufe tsofaffin rijiyoyi.

Toshe rijiya ba zuba ƙasa a rami ba ne. A zare bututun ciki da famfo. A auna ko simintin da ke bayan bututun ƙarfe yana nan lafiya, in ya tsage a huda a tura sabo da ƙarfi. A sa toshiyar siminti a saman inda mai yake, a tabbata duk inda ruwan sha ke kwance a ƙasa siminti ya raba shi da ramin. A matsa da ruwa a ga ko toshiyar na riƙewa. A gwada ko gas na tsiyaya ta bakin rijiya ko ta ƙasar da ke kewaye. Sannan a yanke bututu aƙalla mita ɗaya ƙasa da doron ƙasa, a rufe, a kwashe kaya, a gwada ƙasa, a kankare wadda ta gurɓata, a mayar da ta sama, a shuka, hukuma ta zo ta ba da takardar shaida. Abin da ya fi lalacewa siminti ne. Yana ƙanƙancewa in ya bushe ya bar siririyar hanya tsakaninsa da ƙarfe, gas ya bi ta nan shekara da shekaru. Ruwan gishirin da ke fitowa tare da mai kuwa ya fi man kansa kashe gona, inda ya malala dawa ba ta sake tsayawa.

Ga kuma ɓoye labari. A ma'adinar Kearl ta Imperial Oil, dagwalon ruwa ya fara tsiyaya a Mayun 2022, al'ummar Athabasca Chipewyan da ke kamun kifi da farauta a ƙasan wurin ba su san girman abin ba sai bayan wata tara, da lita miliyan 5.3 ta sake malala a farkon 2023. A Kanada ke nan, mai kotu da jarida masu haƙori.

A takarda, dokar man fetur tamu ta 2021 ta fi tsohon tsarin Alberta, domin sashe na 233 ya ce kamfani ya buɗe asusun rufe rijiyoyi ya riƙa zubawa tun yana aiki. Sashe na 240 ya ba al'ummar da ake haƙa a ƙasarta kashi 3 na kuɗin gudanarwar kamfani na shekarar da ta gabata. Amma a karanta 257: in an fasa bututu a yankinku, daga kasonku za a cire kuɗin gyara. Tun bikin da Buhari ya yi a Kolmani ranar 22 ga Nuwamban 2022 ya kamata masu unguwanni su riƙa tambayar hukumar NUPRC, mai sa ido kan haƙar mai, abu uku a rubuce: an buɗe asusun rufewa, nawa ke ciki, kuma in lasisi ya sauya hannu wa ya gaji ramin?

Na huɗu ba sai an jira kowa ba. A ɗebi ruwan kowace rijiya da burtsatse da rafi da ke kusa, sau ɗaya da rani sau ɗaya da damina, a gwada gishiri, gas da sinadarin benzin, a rubuta rana da wurin da aka ɗiba, a ajiye kwafi a fadar hakimi da wajen lauya. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni ya samu benzin a ruwan sha na Nisisioken Ogale ya ninka mizanin Hukumar Lafiya ta Duniya sau 900. In ba ka da gwajin kafin a fara, kamfani zai ce haka ya tarar da ruwanku. Kuma kada a manta Yankari a ƙaramar hukumar Alkaleri take.

Malamin Lissafi, Wunti, Bauchi

Na Alkaleri, ƙari ɗaya kan maganarka, don kada a ɗauka matsayinmu ɗaya da Alberta. Can lardi ne mai mallakar mai tun 1930, shi ke yanka kason da kamfani ke biya kan man da ya haƙa, shi ke karɓa. A nan sashe na 44 na tsarin mulkin 1999 ya ba tarayya, jiha kashi 13 take jira, shi ma sai an fara fitar da mai ana sayarwa, kuma sai an tantance a ƙasar wa bakin rijiya yake. Shi ya sa maganar iyakar Bauchi da Gombe a wurin ba ƙaramar magana ba ce.

Da ikon ma a hannu, ga abin da Alberta ta yi da shi. Firimiya Peter Lougheed ya kafa asusun ajiya a 1976, ana zuba kashi 30 na kuɗin mai. Aka rage zuwa 15 a 1983, aka daina zubawa a 1987, ribar kuma aka riƙa kwashewa ana cike kasafi. Nowe ta fara zuba nata a 1996, shekara ashirin bayansu, yau ya haura dala tiriliyan ɗaya ta Amurka. Na Alberta yana wajen biliyan 30 na Kanada.

Ɗan Tudun Wada, Gombe

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na Alkaleri, gwajin ruwan nan, a jami'ar Gombe ko ATBU za a iya yi, ko sai an kai Kaduna? Kuma in ƙungiyar gari ce ta ɗebi ruwan da kanta, kotu za ta karɓa?

Na Alkaleri

Gishiri da tsami kowane ɗakin gwajin ruwa zai auna maka. Benzin da gas sai inda ke da injin tantance sinadarai, a tambaya tukuna kafin a ɗiba, domin kwalbar gilashi ake so, a cika ta fal babu kumfar iska, a sa cikin ƙanƙara, ta isa cikin kwana kaɗan. Jarkar roba a bayan mota cikin rana, benzin ɗin ya gudu kafin a kai Dindima. Don kotu kuwa, ma'aikacin ɗakin gwajin ne ya kamata ya zo ya ɗiba da hannunsa, a gaban wakilin hakimi da jami'in ma'aikatar muhalli ta jiha, kowa ya sa hannu a takardar da za ta bi kwalbar har inda za a buɗe ta. A gayyaci kamfanin ma a rubuce. In ya ƙi zuwa, a ajiye kwafin wasiƙar tare da sakamakon.